Tausar Jariri: Abin da Kimiyya Ta Gano a Hannun Kaka

A ƙasar Hausa, idan an yi haihuwa, kaka ko ungozoma ce kan karɓi wankan jariri. Bayan ta tsame shi daga ruwa sai ta ɗora shi a cinya, ta shafe shi da man kaɗanya, tana mammatsa masa hannuwa da ƙafafu har barci ya kwashe shi. Wannan al'ada ba ta tsaya ga Hausawa ba, domin a Indiya da Bangaladash ma da wuya a sami jaririn da ba a yi masa tausa. Shin wannan aiki yana da wani tasiri a jikin yaro, ko kuwa lallashi ne kawai?

Yadda aka fara ganowa

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam, kuma jin taɓi shi ne farkon abin da ɗan tayi ke samu, tun kafin ji da gani. Wani masani a Jami'ar Duke ta Amurka, Saul Schanberg, ya lura cewa idan aka raba 'ya'yan ɓera da uwarsu, sinadaran da ke sa su girma sukan ragu, ko da kuwa ana ba su abinci. Da aka riƙa shafa su da jiƙaƙƙen buroshi, kamar yadda uwar ke lasar su, sai sinadaran suka dawo.

A shekarar 1986 Tiffany Field da abokan aikinta a birnin Mayami suka gwada wannan a kan bakwaini. An yi wa jarirai 20 tausa ta minti 15, sau uku a rana, har kwana 10, aka kwatanta su da wasu 20 da ba a yi wa ba. Madarar da suka sha kusan ɗaya ce, amma waɗanda aka tausa sun fi ƙara nauyi a kullum da kashi 47 cikin 100, aka kuma sallame su daga asibiti kwana shida kafin sauran.

Me ya jawo haka? Akwai tagwayen jijiyoyi 12 da suka fito daga ƙwaƙwalwa, ta goma daga cikinsu ita ke kula da bugun zuciya da motsin ciki. Masu binciken sun nuna cewa tausa tana zaburar da wannan jijiya, sai hanji ya ƙara motsi, jiki ya fi cin moriyar nonon da ya sha. Abin lura kuma shi ne, sai an ɗan danna fata ake samun wannan amfani. Shafa sama-sama tamkar cakulkuli ce, tana iya hana yaro sukuni.

Batun mai

Fatar bakwaini ba ta gama ƙwari ba, saboda haka ruwa da ɗumi sukan fita ta cikinta, ƙwayoyin cuta kuma su shiga. Wani bincike da aka yi a asibitin yara na birnin Daka, wanda aka buga a 2005, ya nuna cewa shafa wa bakwaini man sanfulawa ya rage kamuwa da cuta a asibiti da kashi 41 cikin 100. Sai dai ba kowane mai ne ya dace ba. Man mastad, wanda ake yawan amfani da shi a can, an gano yana raunana fata. A guji mai mai turare, da man zafi, da wanda ya daɗe a buɗe.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya yi wa lafiyayyen jaririn da ya cika watanninsa tausa mai taushi. Bakwaini kuwa, abin da ta fi ƙarfafawa shi ne a ɗaura shi a ƙirjin uwa, fata da fata, tausarsa kuma sai da shawarar ma'aikatan lafiya.

Yadda ake yi

A zaɓi lokacin da yaro yake farke kuma cikin natsuwa, bayan an jira kamar minti 45 da shan nono, don kada ya yi tumbiɗi. Ɗaki ya kasance da ɗumi, musamman lokacin hunturu. Mai tausa ya wanke hannu, ya yanke farce, ya cire zobe, ya murza mai a tafinsa har ya yi ɗumi.

A fara da ƙafafu, daga cinya zuwa tafin sawu, sa'an nan hannuwa, sai ƙirji daga tsakiya zuwa gefe. A ciki, hannu ya riƙa zagayawa kamar yadda hannun agogo ke tafiya, domin hanyar da babban hanji ya bi ke nan. A ƙare da baya, ba tare da danna ƙashin bayan ba. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Idan yaro ya kau da kai, ko ya sandare, ko ya fashe da kuka, ya ce ya isa ke nan, sai a dakata.

Abin da ya kamata a bari

Ba duk abin da aka gada ne ke da amfani ba. Kada a danna maɗiga ko a matsa kai da nufin gyara shi, domin ƙasusuwan kan daidaita da kansu. Kada a matse nonon jariri idan ya kumbura, kumburin kan saɓe da kansa, matsa shi kuwa yana kawo ƙurji. Kada mai ya taɓa cibiya kafin ta faɗi ta warke. Jaririn da ke zazzaɓi, ko ya ƙi shan nono, ko idonsa ya yi rawaya, asibiti yake bukata nan take.

Kammalawa

Tausa ba ta bukatar kuɗi ko na'ura, kuma uba ma yana iya yi, ya shaƙu da ɗansa tun yana tsumman goyo. Ɗaliban da ke da ƙanne a gida suna iya karanta wa iyaye da kakanni wannan bayani, a riƙe abin da ya tabbata, a bar abin da ke cutarwa.