Kafin ka haɗiyi Flagyl saboda gudawa

Da damina ta kankama, kogin Rima ya cika ya malala fadama daga Argungu har Birnin Kebbi, mun san abin da ke biyo baya a ɗakunan kwanan ɗalibai: murɗar ciki, zawo, wani lokaci har da atuni mai jini. Mu ma da muke jami'a ba mu tsira ba. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu ruga kemis a ba mu Flagyl ko kafso, mu sha kwana biyu, in ciki ya lafa mu ajiye saura sai wani jiƙon. Sai da muka zauna a ajin nazarin ƙananan halittu muka gane irin ɓarnar da muke yi wa kanmu.

A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin bakteriya da aka ƙiyasta sun kai tiriliyan 38, kuma mafi yawansu 'yan haya ne masu biyan kuɗin gida. Dusar gero da ta dawa, ɓawon wake, ganyen zogale da kuka, duk akwai ɓangarensu da cikinmu ba ya iya narkarwa. Wannan ɓangaren yana gangarawa babban hanji, ƙwayoyin nan su ci, su fitar da wani sinadari mai suna butiret. Shi butiret ɗin ne babban abincin bangon hanji.

Ga inda abin ya ba mu mamaki. Bangon hanji yana ƙona butiret ne da iskar oksijin, saboda haka yana shanye iskar kafin ta shiga cikin hanjin. Su kuwa waɗannan ƙwayoyi masu amfani ba sa jure oksijin, yana kashe su. Wato suna ciyar da bangon, shi kuma yana tsare musu gida.

Idan hanji ya kumbura, wannan zama sai ya lalace. Jiki ya turo dakarunsa su yaƙi cuta, su fesa sinadarai masu ƙuna. Bangon ya daina ƙona butiret yadda ya saba, oksijin ya yoyo ciki. Masu amfani su ragu, su Salmonela da E. coli, waɗanda iskar ba ta dame su ba, su yi ta hayayyafa. A 2010 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, ƙarƙashin Andreas Bäumler, sun nuna a jikin ɓeraye cewa Salmonela tana numfashi da wani sinadarin da kumburin da kansa ke samarwa. Ita ce ke tayar da gobarar, ita ce kuma ke dafa tuwonta a kai.

To ina Flagyl a nan? Aikinsa shi ne kashe ƙwayoyin da ke rayuwa babu oksijin, kuma masu yin butiret suna cikinsu. Duk ɗan Kabawa ya san abin da ke faruwa in aka zuba guba a ruwa don kama kifi: manya da ƙanana duk su taso, ruwan ya daɗe bai dawo ba. Ba mu ce maganin ba shi da amfani ba. Akwai nau'in atunin da shi ne maganinsa, amma gwajin bayan gida da likita ne za su nuna hakan, ba ƙiyasin abokin ɗaki ba. Zawo da yawa ma ƙwayar bairos ce ke jawo shi, kuma kafso ba ya taɓa ta.

Abin da ke kashe mai gudawa da sauri shi ne ƙarewar ruwan jiki. A annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta shafi Kebbi ita ma, sama da mutum 3,000 suka rasu a Najeriya. Don haka a fara da ruwan gishiri da sukari: na leda da ake sayarwa, ko lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙananan yara a haɗa musu da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Kada a hana mara lafiya abinci wai don ciki ya huta. Kunu, faten wake, da kindirmon da aka yi da madarar da aka tafasa, duk a ba shi gwargwadon yadda zai iya, domin bangon hanji da 'yan hayarsa suna buƙatar abin da za su sake gini da shi.

In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko ƙaninka ya kasa shan ruwa idanunsa sun faɗa, ku gaya wa babba a nufi asibiti a ranar, ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya.