Me Ya Haɗa Yarjejeniyar Ciniki da Tsadar Magani?

Duk wanda ya saba shiga kemis ya san cewa magani ɗaya yakan zo da farashi biyu: na kamfanin da ya ƙirƙiro shi, da na wasu kamfanonin da suka harhaɗa irinsa daga baya. Wannan na biyun shi ake kira maganin gama-gari. Kada mai karatu ya ɗauka jabu ne. Sinadarin da ke yaƙar cuta iri ɗaya ne a cikinsu, kuma ƙa'ida ita ce a tabbatar yana shiga jini da sauri da yawa daidai da na asali kafin a amince da shi.

To, me ya kawo bambancin farashi? Gano sabon magani yakan ci shekaru da dukiya mai yawa, tun daga ɗakin bincike har zuwa gwaji a kan mutane. Domin kamfani ya mayar da abin da ya kashe, gwamnati takan ba shi haƙƙin mallakar ƙirƙira, watau a hana kowa yin wannan magani na wani lokaci. Muddin babu mai gasa da shi, abin da ya yanke shi ne farashi.

A da, kowace ƙasa da irin dokarta. Alal misali, dokar Indiya ta 1970 ta kare hanyar harhaɗa magani ne kawai, ba maganin kansa ba, saboda haka masana'antunta suka gwanance wajen ƙirƙiro sababbin hanyoyi. Amma a 1994 aka sa hannu kan yarjejeniyar TRIPS a birnin Marrakesh na Maroko, ta fara aiki tare da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995. Ta wajabta wa mambobi su kare sabon magani na shekara 20 aƙalla. Indiya ta gyara dokarta a 2005.

Cutar ƙanjamau ce ta fito da hatsarin wannan tsari fili. A shekarar 2000, haɗin magunguna uku da ke danne ƙwayar cutar yakan haura dala 10,000 ga mutum ɗaya a shekara, alhali mafi yawan masu fama da ita suna Afirka. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da irinsa kan dala 350. A shekarar ce kuma kamfanoni 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu saboda dokarta ta 1997 mai neman saukaka farashi.

A watan Nuwamba na 2001, taron ministoci a Doha ya jaddada cewa yarjejeniyar ba ta hana ƙasa kare lafiyar jama'arta ba. Gwamnati na da ikon ba da lasisin tilas, watau ta ba wani izinin yin maganin ba tare da yardar mai haƙƙi ba, amma a biya shi wani kaso. Barazil ta yi haka a 2007 kan maganin efavirenz. Haka nan an ɗage wa ƙasashe mafiya talauci, ciki har da Nijar da Chadi, wajibcin kare haƙƙin magunguna har zuwa 2033. Nijeriya ba ta cikin wannan rukuni.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Wasu yarjejeniyoyin da manyan ƙasashe ke ƙullawa da ƙanana sukan ƙara sharuɗɗa, kamar hana hukuma dogara da sakamakon gwajin kamfanin farko na wasu shekaru. Wannan yakan jinkirta maganin gama-gari ko da wa'adin haƙƙi ya cika.

Darasin a nan shi ne, idan babu riba bincike zai ragu, idan kuma tsada ta yi yawa maganin bai amfani mara lafiya ba. Ɗalibin da ke burin zama likita ko mai harhaɗa magani ya kamata ya san cewa farashin ƙwayar da zai miƙa wa majinyaci, sau da yawa a teburin ciniki aka tsayar da shi.