Shin Ko Kun San? Daga Tankunan Gidan Dahala Zuwa Goran Masuntan Argungu

Shin ko kun san girman tanki ba ya ƙara wa famfo ƙarfi? Ku zaga unguwar Gidan Dahala a Sakkwato ku ɗaga kai, za ku ga tankuna bisa ƙarafa, wani ƙato, wani ɗan madaidaici. Da mai cin lita 500 da mai cin lita 5,000, muddin saman ruwansu yana kan tsayi ɗaya, da ƙarfi ɗaya ruwan zai fito a famfo. Babban dai ya fi daɗewa bai ƙare ba. Abin da ke ba ruwa ƙarfi shi ne tazarar da ke tsakanin samansa da bakin famfo, kuma lissafin shi ne wanda ɗaliban fiziks ke haddacewa don WAEC da NECO da JAMB: a ninka zurfi da nauyin kubik mita guda na ruwan, a sake ninkawa da 10, wato ƙarfin jan ƙasa. Kubik mita guda lita 1,000 ne, nauyinsa kilo 1,000. Idan ruwan tanki ya ɗara famfo da mita 6, matsin zai zama 6 × 1,000 × 10, faskal 60,000 ke nan. Famfon saman bene, wanda tazararsa mita 3 ce kawai, rabin wannan zai samu. Mai gidan da ke faɗa da mai gyaran famfo saboda ruwa na tsiyaya a bene, gara ya kira mai walda ya ƙara wa ƙarfen tsawo.

Sai dai a gaya wa mai waldan gaskiyar kayan da zai ɗauka. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika, tan biyu ne cur a kan ƙafafu huɗu. Haka kurar ɗan garuwa: jarka 12 masu lita 25 kilo 300 ce yake turawa cikin ranar Sakkwato, a tuna da wannan kafin a tsaya taya shi ciniki.

Shin ko kun san wannan ƙa'idar ce ta sa ake gina gindin madatsar ruwa da kauri fiye da samanta? Madatsar Goronyo da ke kan Gulbin Rima tsayinta mita 21. A zurfin mita 20, ruwa na danna kowane murabba'in mita na bango da faskal 200,000, daidai da nauyin tan 20. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, ruwan da take iya riƙewa kusan rabin na Goronyo ne, amma ta fi ta tsayi nesa ba kusa ba, don haka inda ta fi zurfi ya fi shan matsi. Bango bai san yawan ruwan da ke bayansa ba, zurfin da ke jingine da shi kaɗai yake ji.

Shin ko kun san babu injin da zai tsaya a bakin rijiya ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 10, ko wane kamfani ne ya ƙera shi? Injin ba jan ruwa yake yi ba. Iskar cikin bututu yake kwashewa, sai iskar waje ta danna saman ruwan rijiyar ta turo shi sama. Ita kuwa iskar nan ƙarfinta bai wuce faskal 100,000 da 'yan kai ba, abin da zai iya riƙe ruwa mai tsayin mita 10 ke nan. A aikace ma daga mita 7 zuwa 8 injin ya fara gazawa. Evangelista Torricelli, almajirin Galileo a Italiya, shi ya warware wannan a wajajen 1643, da ya cika bututun gilashi da zaiba ya kife shi, ya ga ta tsaya a santimita 76. Shi ya sa masu haƙa rijiyar burtsatse ke zura injin da ake kira sumo har cikin ruwan, ya riƙa turowa daga ƙasa, domin turi ba shi da wannan iyaka.

Zaibar nan ta ninka ruwa nauyi sau 13.6. A jefa mata guntun ƙarfe, sai ya yi ta yawo a samanta. Zinariya kuwa nutsewa take yi.

Shin ko kun san dalilin da ya sa ake rataye ledar ƙarin ruwa sama da gadon majiyyaci? Tsayin mita guda yana ba da faskal 10,000, wanda ya fi ƙarfin jinin da ke cikin jijiyar da aka soka wa allura. A sauko da ledar ƙasa da hannu, nan take za a ga jini ya biyo robar. Shi ma 120 ɗin da ake faɗa wajen awon jini, milimita 120 na zaiba ake nufi, ƙarfin da zai iya ɗaga ruwa sama da mita ɗaya da rabi. Raƙumin dawa, irin waɗanda suka rage a Kure kusa da Yamai, nasa ya kai ninki biyu na mutum, saboda nisan zuciyarsa da kansa.

Shin ko kun san yaron kanikawa na ɗaga mota da hannu ɗaya ne albarkacin Blaise Pascal, Bafaranshen da ya rasu a 1662 yana da shekara 39? Shi ya bayyana cewa idan aka matsa ruwa ko mai a rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai. Idan babban fistin na jak ya ninka ƙaramin faɗi sau 50, turin kilo 20 zai ɗaga tan guda. Ba kyauta ba ce: sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 50 kafin motar ta ɗaga santimita guda, shi ya sa yaron ke ta buga hannun jak. Birki ma haka yake aiki, kuma idan iska ta shiga sai ya yi laushi, don iska na matsuwa, mai kuwa ba ya yarda.

Shin ko kun san masuntan Kabi sun daɗe suna aiki da ƙa'idar Arkimidis ba tare da allo ba? A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, masunci kan faɗa ruwan Matan Fada da homa a hannu da ƙaton gora a ƙirji. Ƙa'idar ta ce ruwa yana tura duk abin da ya shiga cikinsa sama, da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Goran da ke cin lita 30, idan aka danna shi duka, kilo 30 na ruwa zai ture, alhali shi kansa ba wani nauyi gare shi ba. Wani zai ce ina kilo 30 ina ƙato mai kilo 70? Ai jikin mutum da ruwa kusan nauyinsu ɗaya, ruwan ya riga ya ɗauke mafi yawan nauyin, abin da ya rage shi ne a riƙe kai da kafaɗu a waje. Rigar ruwa ta manya ma turin kilo 10 zuwa 15 take bayarwa, kuma ya wadatar.

Arkimidis mutumin Sirakus ne a tsibirin Sisili, an kashe shi a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin yadda ya gano algus a kambin zinariyar sarki, har ya fito daga wanka a guje, wani Barume mai suna Vitruvius ne ya rubuta shi bayan kusan shekara 200, don haka a saurare shi da kunne ɗaya. Lissafin dai ingantacce ne. Kilo guda na zinariya yana rasa giram 52 idan aka auna shi cikin ruwa, na azurfa yana rasa 95, ka ga algus ba shi da wurin ɓuya. Malaman Musulmi sun kai aikin nan nesa: Al-Biruni ya auna ma'adinai da duwatsu masu daraja, abin da ya samu na zinariya ya yi kusa ƙwarai da 19.3 da ake koyarwa yau, sannan Al-Khazini ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa wajajen 1121, yana bayanin sikelin da ke gano gaurayen zinariya. A ganina malamin da ya buɗe darasi da waɗannan sunaye a Sakkwato zai fi samun kunnen aji.

Ga tarkon da ke cin ɗalibai a jarrabawa. Dutse ya auna niyuton 50 a iska, 30 a ruwa, sau nawa ya ninka ruwa nauyi? Da yawa sai su raba 50 da 30. A'a. Abin da ya rasa, wato 20, shi ne nauyin ruwan da ya ture, amsa 50 ÷ 20, wato 2.5. Tarko na biyu shi ne a ba da zurfi da santimita, ɗalibi ya manta bai mayar mita ba.

Shin ko kun san ana iya lissafa ranar da kwalekwale zai nutse tun yana bakin gaɓa? Mu ɗauki mai tsawon mita 8, faɗi mita ɗaya da rabi, zurfi santimita 50, mu ɗauka kamar akwati yake. Kowane kilo 120 zai saukar da shi santimita guda. Nauyinsa na kansa, a ce tan guda, ya ci santimita 8. Fasinja 40 masu kilo 60 sun ci 20. Buhu 10 na masara sun ci wasu 8. Saura santimita 13 da ɗoriya tsakanin bakinsa da ruwa, bai kai taƙi ba, ga shi ba a ɗora babur ko ɗaya ba. Igiyar ruwa guda, ko mutane su karkata gefe ɗaya, ruwa ya shiga, kuma kowace lita da ta shiga ƙarin kilo ce. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya nufi Wara a jihar Kebbi ya nutse a Kogin Kwara, fiye da mutum ɗari suka ɓace, kuma hukumomi sun ambaci lodin da ya wuce kima. Ingila ta sha irin wannan asara, har ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya matsa aka yi dokar 1876 da ta tilasta zana layi a jikin jirgi, wanda ke nuna iyakar lodi. Layin fenti a jikin kwalekwale bai kai kuɗin buhu guda ba.

A manyan jirage layin ba ɗaya ba ne, domin ruwan teku kilo 1,025 ne a kubik mita, jirgi ya fi nutsawa idan ya shigo kogi. Tekun Luɗu kuwa gishirinsa ya kai lita guda ta yi kusan kilo 1.24, mutum ya kwanta a kai ba tare da ya iya iyo ba.

Shin ko kun san lita guda ta fetur kusan giram 740 ce? Saboda haka yake hawa kan ruwa. Wanda ya watsa wa gobarar fetur ruwa ya ba ta abin hawa ne, yashi ake zubawa. Haka ma sabon ƙwai nutsewa yake yi a kwanon ruwa, tsoho ya taso, don iskar da ke cikinsa ta ƙaru.

Ƙanƙarar da ke yawo a kofin zoɓo, kashi tara cikin goma nata yana ƙasa, kuma a ruwa zalla ko ta narke kofin ba zai tumbatsa ba. To idan mutum yana cikin kwalekwale a ƙaramin tafki ya jefa ƙaton dutse daga ciki zuwa ruwa fa? Ruwan tafkin sauka zai yi. Yana cikin kwalekwale, dutsen na ture ruwa daidai nauyinsa. Da ya nutse, daidai girmansa kawai yake turewa, wanda ga dutsenmu na ɗazu bai kai rabi ba.