Yadda Ake Ƙidaya Matan da Haihuwa ta Ɗauke

Duk wanda ya saba sauraron bayanan masana a kan sha'anin lafiyar mata a Nijeriya, da wuya a ce bai ci karo da alƙaluma biyu masu saɓa wa juna ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya ce a cikin kowace haihuwa 100,000 ta ɗa mai rai, uwa 512 ke rasa ransu. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta, da suka fitar da nasu lissafin na shekarar 2020, cewa suka yi 1,047 ne, wato mata kimanin 82,000 a shekara guda, fiye da rubu'in mata 287,000 da suka rasu ta wannan hanya a faɗin duniya. Mai gaggawar hukunci zai ce lalle ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Amma malaman da suka karanci ilmin riwaya sun san cewa ba a karɓar labari, ba a kuma mayar da shi, sai an bi isnadinsa, an san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma yaya ƙarfin kiyayewarsa yake. To, haka ya kamata a yi wa adadi, domin shi ma shaida ce da mutane suka bayar.

Asalin mushkilar shi ne, a ƙasashen da ake rubuta kowace mutuwa tare da sababinta, ƙidaya ba ta wuce a buɗe littafi a tara ba. Mu kuwa, da yawancin matanmu na karkara a ɗaki suke haihuwa, kuma wadda wa'adinta ya cika da asuba kafin azahar an kai ta makwancinta ba tare da wata takarda ta shaida ba, babu littafin da za a buɗe. Saboda haka dole a koma ga ƙiyasi, a duba kaɗan a yi hukunci a kan mai yawa, kamar yadda mai sayen gero kan cusa hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba, ya kuwa san cewa in ya tsaya ga na saman buhu kaɗai, mai sayarwa na iya yi masa wayo.

Wata wahalar kuma ta lissafi ce tsantsa. Ko a inda mutuwar ta yi yawa har ta zama abin takaici, in an auna ta da yawan haihuwa ƙalilan ce: in uwa biyar ke rasuwa cikin dubu, mai binciken da ya bi haihuwa dubu guda zai ga biyar, ko huɗu, ko shida, kuma wannan mace ɗaya da ta ƙaru ko ta ragu ta isa ta motsa sakamakonsa da kashi ɗaya cikin biyar. Bin dubun dubatar masu ciki gida gida har su sauka kuwa, dukiyar da zai ci ta fi ƙarfin yawancin hukumomi.

Dabarar da ta sassauta wannan ƙunci wasu masana uku ne suka fito da ita, Wendy Graham da William Brass da Robert Snow, waɗanda suka jarraba ta a ƙasar Gambiya, suka bayyana ta a 1989. Hikimarta ita ce, tun da mamaciya ba ta ba da labarin kanta, kuma mijinta na iya sake aure ko ya yi ƙaura gidan ya watse, sai a nemi wanda ba ya mantawa da ita har abada, wato wanda suka sha nono ɗaya. Ana tambayar baligi mata nawa mahaifiyarsa ta haifa da suka kai munzalin aure, nawa ke raye, nawa suka riga mu gidan gaskiya, kuma a cikinsu nawa ne suka rasu da ciki, ko a kan gwiwa, ko cikin makonni shida bayan sauka, wanda kusan shi ne arba'in ɗin da mai jego ke yi a al'adarmu. Da haka mutum ɗaya ya zama mai ba da shaidar mata biyu ko uku, aiki ya ragu, kuɗi ya ragu. An kuma taƙaita tambayar ga 'yan uwa ɗaya da gangan, domin a gidaje irin namu, inda 'yan uba da 'ya'yan baffa da na goggo duk tare suke tashi, in ba a yi wannan iyaka ba lissafi zai cakuɗe. Wani nau'in wannan dabara, mai ƙarin tambaya a kan shekarun mamaciya da lokacin rasuwarta, shi aka yi amfani da shi a 2018, aka tambayi mata fiye da 41,000 abin da ya faru cikin shekaru bakwai da suka gabaci binciken.

Sai dai masu binciken ba su yi da'awar yaƙini ba. A gefen 512 sun rubuta cewa abin da ya fi rinjaye a zato shi ne adadin na tsakanin 447 da 578, kuma abin mamaki ne yadda masu jawabi a taruka kan ɗauki na tsakiya su yar da iyakokin nan biyu, alhali su ne amanar mai lissafi. Wannan tazara ma shakkar da ke zuwa daga ɗibar kaɗan cikin mai yawa kawai take aunawa. Ba ta auna mantuwa, ba ta auna kunya. Yarinyar da ta rasu da cikin fari na wata biyu, wanda kawaici ya hana ta faɗa wa ko mahaifiyarta, za a ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta. Wadda ta rasu wajen zubar da ciki, danginta za su rufa mata asiri. Wadda kuma ba ta bar 'yar'uwa a raye ba, babu mai ambatonta. Domin haka ne masanan Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta ba sa ɗaukar adadin yadda ya zo: sukan ɗauki kason da haihuwa ta ci cikin mace-macen mata, su ɗora shi a kan nasu ƙiyasin na jimlar matan da ke rasuwa a shekarun haihuwa, sa'an nan su gyara shi da ma'aunin arzikin ƙasa, da yawan haihuwa, da yawan waɗanda ƙwararru ke karɓar haihuwarsu. Nasu adadin ya fi girma, tazarar shakkarsa kuma ta fi faɗi ƙwarai. A ganina, wanda ya ɗauki 512 na waccan hanya ya jera shi da 1,047 na wannan, ya ce abu ya ninka cikin shekara biyu, ya yi wa lissafi zalunci.

Littafin asibiti ma yana da nasa karkatar. Farfesa Kelsey Harrison, lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello, ya jagoranci bin diddigin haihuwa 22,774 a jere a asibitin Zariya tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985, kuma har yau aikin hujja ne a wannan fanni. Mata fiye da 200 suka rasu, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da doguwar naƙuda ko jijjiga ko zubar jini ta ci ƙarfinsu aka ɗauko su. Wanda ya ce wannan shi ne halin dukkan matan ƙasar Zazzau ya yi kuskure, domin masu sauka lafiya a ɗaki ba su shiga littafin ba, haka ma waɗanda rai ya yi wa halinsa a hanya. Abin da binciken ya tabbatar shi ne su wane ne ke cikin haɗari: ƙananan 'yan mata da ƙugunsu bai gama buɗewa ba, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da waɗanda ba su samu karatu ba, daga nan ne Harrison ya dage a kan cewa ilmin boko ga kowa yana cikin manyan magungunan wannan musiba.

Idan kuwa ana son a san ko wata hanyar magani tana aiki haƙiƙatan, sai a shigo da ƙuri'a, domin ita ba ta son kai. A wani gwaji da aka bayyana a 2023, wanda masanan Jami'ar Bayero ta Kano ke cikin masu gudanar da shi, an raba asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka duba haihuwa fiye da 210,000. Rabi suka ci gaba da yadda suka saba, rabi kuma aka ba su wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ta zubar maimakon a kintata da ido, tare da umarnin a haɗa dukkan matakan tsayar da jini a lokaci guda da zarar ya kai iyaka. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa saboda jinin, ya sami kashi 4.3 cikin ɗari na matan rukunin farko, a rukuni na biyu kuwa kashi 1.6.