Tafinta da Mafassari: Wane Ne Marubucin Furogiram na Ainihi?

A shekarar 1983, wadda a cikinta aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, mujallar Datamation ta Amurka ta buga wata maƙala ta barkwanci daga Ed Post, inda yake cewa gwanayen ainihi da Fortran suke aiki, ba su taɓa Pascal. Wasa yake yi, amma gardamar ba ta mutu ba. Har yanzu ɗalibin da ya ƙware a harshen C yakan raina abokinsa mai Python, wai sikirif kawai yake rubutawa.

Asalin maganar shi ne, kwamfuta ba ta jin kowane harshe sai nata na sifili da ɗaya. Tilas ke nan a fassara mata umarnin ɗan Adam, kuma hanyoyi biyu aka fi sani. Ta farko, a ɗauki furogiram ɗin dungurungum a juya shi tun kafin a fara aiki, kamar yadda malami kan fassara littafi. Haka ake yi wa Fortran na 1957 da C na 1972. Ta biyu kuwa tafinta ce, irin ta kasuwar Shinkafi tsakanin fatake biyu da ba sa jin juna: a faɗi jimla, a juya ta nan take. Aikin tafinta ya fi nawa, sai dai gyara ya fi sauƙi, domin ana gwadawa ana ganin sakamako.

To, amma wannan bambanci na hanyar fassara ne, ba na harshe ba. BASIC da aka ƙirƙira a Kwalejin Dartmouth a 1964 fassarar dungurungum aka fara yi masa, daga baya ƙananan kwamfutoci suka haɗa shi da tafinta. JavaScript na 1995 ma, tun 2008 injin V8 yake juya shi zuwa harshen na'ura yana cikin aiki.

Saboda haka rainin ba shi da tushe. Wanda ya rubuta layi talatin na Python don haɗa makin ɗaliban wata makaranta a Zurmi, dole ya tsara matakai, ya kuma tanadi abin da zai faru idan wani bai zauna jarrabawa ba. In ya manta, sifili zai shiga lissafi, yaro ya faɗi ba da haƙƙinsa ba, kuma da C aka rubuta, kuskuren ɗaya ne. Inda C ya yi zarra shi ne wurin da ake buƙatar sauri ko ƙwaƙwalwar na'ura ta yi kaɗan. Tafintan Python da aka fi amfani da shi ma da C aka rubuta shi.