ƊAUKAR MURYA: AIKIN DA AKE FARA KOYO A RADIYO

A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar radiyo-kulob ta Nijar. Ma'aikatanta, da yawa daga cikinsu malaman lakkol ne, su kan shiga ƙauye da manyeto a kafaɗa, su tara jama'a, su ɗauki maganar manoma da makiyaya bisa zancen iri ko rijiya ko ciwon yara, a aika Yamai a sa ga radiyo. Yau samari da ƴan mata na radiyoyin karkara, daga Tawa har Damagaram, da salula su ke wannan aiki. Na'ura ta sake, amma abin da mai koyo zai fara sani bai sake ba.

Tun kafin ya kunna komi, sai ya tsaya shiru ya saurari wurin. Kunnen mutum yana zaɓen abin da ya ke so ya ji, amma mikoro ba ya zaɓe: kukan akuya, ƙarar injin niƙa, dakan mata, duka ya ke kwashewa. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana maido da murya, ta fito kamar daga cikin rijiya. Zaure na ƙasa da tabarmi a shimfiɗe ya fi shi nesa ba kusa ba. In waje ne, lokacin hunturu, sai a juya wa iska baya, a sa wa mikoro hular soso.

Tsakanin baki da mikoro, taƙi ɗaya ya isa, a ɗan karkata shi gefe don kada numfashi ya buge shi. Mai koyo ya kan ji nauyin matsawa kusa da dattijo, ya tsaya nesa don ladabi. Wannan kuskure ne. A gaida shi, a nemi izini, a gaya masa inda maganarsa za ta, sa'an nan a durƙusa kusa. Dattijon da ya bar gonarsa ya ba da sa'a guda, ba ya sake maimaita ta don wani ya yi sakaci.

Ma'aunin ƙarfin murya kuma, kada ya shiga ja. Muryar da ta yi ƙasa kaɗan ana iya ɗaga ta daga baya. Wadda ta fashe ba ta da magani.

A da, gyara da reza ake yi. Zaren manyeto na tafiya santimita 19 cikin daƙiƙa ɗaya, a yanke tari ko maimaici, a liƙe. Yanzu da kwamfuta ake yankan, da manhaja irin Audacity wadda kyauta ce. Sai dai a kula, kada yanka ya juya maganar mutum ta zama abin da bai faɗa ba.

Kafin a bar ƙauye, a saurari abin da aka ɗauka, a rubuta sunan garin da kwanan wata.