Hoton ƙwaƙwalwa da yaran da ba sa zama wuri ɗaya

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa ɗaukar hoton makaranta a Malam Madori ya san tsawar mai hoto: "Kai, tsaya cak!" Da yaro ya waiga, hoto ya fito dishi-dishi. Irin wannan ce ke damun masu binciken ƙwaƙwalwa, sai dai su motsin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba ma yana ɓata musu aiki.

A 1990 Seiji Ogawa, ɗan Japan mai aiki a Amurka, ya nuna cewa na'urar MRI tana iya gane sauyin iskar oksijin a cikin jini. Sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki yakan jawo jini, don haka idan aka kwantar da mutum ana ɗaukar hoto duk bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, za a ga sassan da ke tashi tare, su kwanta tare. Matsalar ita ce sauyin ƙanƙane ne ƙwarai, haɗiyar yawu ma tana iya dagula shi.

A 2012 aka gane girman ɓarnar. Rukunin masana uku a Amurka, ciki har da na Jonathan Power na Jami'ar Washington da ke Sen Luwis, suka gano cewa ɗan motsin kai yana ƙara wa sassan da ke maƙwabtaka alaƙar ƙarya, yana kuma raunana ta waɗanda ke nesa da juna. Ga shi an riga an yi ta rubuta cewa haka ƙwaƙwalwar ƙananan yara take. Ashe wani ɓangare na abin da aka gani, ƙiriniya ce kawai.

Dabaru sun biyo baya. Ana tokare kai da matashi, kwamfuta ta daidaita hotunan, a cire duk hoton da motsinsa ya wuce rabin milimita, wasu ma milimita 0.2. In abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, sai a cire mutumin ɗungurungum daga binciken.

A nan gizo ke saƙa. Masuncin kogin Haɗeja ya san cewa taru mai manyan idanu ba ya riƙe ƙananan kifi, kuma ba zai taɓa cewa babu su a ruwa don bai kama ba. Masana kuwa sun daɗe suna yin irin wannan kuskuren. Binciken Mary Beth Nebel da abokan aikinta na 2022 ya duba yara masu larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Da aka tsananta ma'aunin motsi, an zubar da kashi 81 cikin ɗari nasu, na yaran da ba su da larurar kuwa kashi 60. Waɗanda suka rage galibi masu sauƙin larurar ne. Wato hoto ya yi fes, amma ba na waɗanda aka fito nema ba ne.

Ba wai a bar gurɓataccen hoto ba. Amma ɗalibanmu na likitanci a Kano da Dutse da za su shiga wannan fage, duk lokacin da kuka cire wani daga bincike, ku rubuta mutum nawa ne, su wane ne, kuma me ya bambanta su da waɗanda kuka bari.